Waƙar tsadar rayuwa da gayyatar 'yan sanda: me doka ta ce?

Wani matashi daga Tudun Wadan Zariya ya rubuto mini cewa ya yi waƙa kan tsadar masara da fetur, ya saka a TikTok, ta yaɗu. Kawunsa, ɗan jam'iyya mai mulki, ya ce masa zagin shugabanni ne, kuma hukuma tana jin duk abin da yake faɗa a waya. Abokansa sun ce ya ƙara wata waƙar. Yanzu 'yan sanda sun aiko ya je ya amsa tambayoyi.

Ɗan'uwa, sukar gwamnati a waƙa ba laifi ba ne. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ka 'yancin faɗin albarkacin bakinka. Amma kawunka bai yi kuskure gaba ɗaya ba, domin sashe na 45 ya yarda a taƙaita wannan 'yanci don zaman lafiya da kare mutuncin wasu. Baitin da ya ce talaka na kwana da yunwa ra'ayi ne. Baitin da ya kama sunan wani ya ce ya saci kuɗi, ba hujja a hannu, zai iya zama ɓata suna a dokar Penal Code ta Kaduna. Baitin da ya ce a fito a ƙona kuwa tunzura jama'a ne, kuma tun zanga-zangar Agustan 2024, da ta kai ga dokar hana fita a Kaduna da Zariya, hukuma ba ta wasa da irinsa. Ka zauna da lauya ku bi waƙar baiti-baiti.

Mai yiwuwa su ambaci sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015. An daɗe ana kama mutane da shi saboda saƙon da ya ɓata wa wani rai, har kotun ECOWAS ta ce a 2020 ya saɓa wa 'yancin magana. A 2024 an gyara shi. Yanzu ɓangaren da aka gyara ya tsaya ne kan batsa, da ƙaryar da mutum ya san ƙarya ce ya yaɗa don tada hankali ko jefa rai cikin haɗari. Abin da ke damuna shi ne har yau wasu jami'ai na aiki da tsohon rubutun.

Batun sauraron waya, sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki ya kare hirarka da saƙonninka, kuma ƙa'idojin hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, na 2019 sun ce sai da izinin alƙali, ban da halin gaggawa. Sai dai abin da ka saka a TikTok da hannunka ba sirri ba ne.

Ka amsa gayyatar, amma da lauya, da safe, ba ranar Juma'a ba, kada ka kwana biyu a tsare kotu na rufe. Kana da damar yin shiru har ka gana da lauyanka. Kada ka sa hannu a bayanin da ba ka karanta ba. In sun ce ka buɗe wayarka, ka nemi ganin takardar kotu cikin ladabi. Kada ka goge komai yanzu, za a ce ka ɓoye shaida.

In sun tsare ka, tunda akwai kotu a gari, awa 24 suke da ita su gurfanar da kai. Beli kyauta ne. In suka wuce haka, lauyanka zai shigar da ƙarar take hakki a Babbar Kotun Jiha, a nemi saki da diyya. In babu kuɗin lauya, a tuntuɓi hukumar Legal Aid Council, mai ba marasa hali lauya kyauta.