Dalilin na'ura biyu, da wayar da ta raba ni da ciniki

Yaro, ka tambaye ni abin da ya sa muke raba haske gida biyu, mu ɗora na'urar kama foton, wato ƙwayar haske, a kowane reshe, alhali alaƙar foton ɗaya da na bayansa kawai muke nema. Ku yaran yanzu allon kwamfuta kuka iya zuba wa ido, ba ku taɓa na'urar da hannu. Duk lokacin da na'ura ta kama foton sai ta kurumce na gomman nanosakan (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan), don haka ta biyu ce take jin wanda ya biyo baya. Tsarin masana Hanbury Brown da Twiss ke nan tun 1956.

Lissafin g2 yana nuna yiwuwar foton na biyu ya iso bayan tazarar lokaci kaza, a kwatanta da zuwan da babu alaƙa a cikinsa. A tazarar sifili leza tana ba da 1, hasken abu mai zafi yana kai 2, ƙwayar zarra guda kuwa tana faɗuwa kusa da sifili, domin sai ta sake ɗaukar ƙarfi kafin ta saki wani, kamar yadda masana Kimble da Dagenais da Mandel suka gani da sodiyam a 1977. 

Tambayarka ta fama mini tsohon miki. Wani mutum ya taɓa kawo mini ɗan daimon in tabbatar masa cewa foton ɗai-ɗai yake fitarwa. Na yi mako uku ina neman ramin da ya kamata ya bayyana a layin g2 a tazarar sifili, layi ya miƙe ɗoɗar, har na rubuta masa da hannuna cewa kayansa ba su da kyau. Ashe yaron da yake wurina a lokacin ya lalata wayar reshe ɗaya, ya musanya ta da wata da ta fi ta tsawo da mita 20, bai faɗa wa kowa ba. Kowace mita tana jinkirta sigina kusan nanosakan 5, wato ramin ya matsa nanosakan 100, can bayan iyakar da nake dubawa. Mutumin ya kai daimon ɗinsa wani wuri, aka ga ramin a yini guda, ya hana ni ko sisi, kuma har yau idan an ambaci sunana wannan labarin yake bayarwa.

Gobe kafin ka kunna leza, ka aika bugun sigina ɗaya ta wayoyin biyu, ka rubuta inda sifilinka ya sauka, ka kawo mini in gani da idona.