Harajin hayaƙi: me ya sa ya karɓu a Suwidin amma ya tayar da ƙura a Faransa?

Malam, tambayarka ita ce me ya sa haraji iri ɗaya kan man fetur da gas, wanda aka sa don rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, ya zauna lafiya a Suwidin, a Faransa kuwa ya jawo zanga-zanga. Bambancin yana wajen yadda aka shigo da shi. Suwidin ta fara tun 1991 da ɗan kaɗan, ta rage harajin albashi a lokaci guda, sannan ta riƙa ƙarawa sannu a hankali, garuruwa kuma suka koma ɗumama gidaje da ragowar katako da shara. Faransa ta fara a 2014. A ƙarshen 2018 masu zanga-zangar da ake kira masu rigunan rawaya suka cika tituna, da yawansu mutanen karkara da wajen gari da ba su da jirgin ƙasa ko bas, har gwamnatin Shugaba Macron ta janye ƙarin harajin da ta shirya yi.

Sharaɗin dai a samu madadi kafin a ɗaga farashi. Na gani a kaina lokacin da aka cire tallafin mai a Najeriya a 2023. Ko kwana ɗaya ban ajiye babur ba, don babu motar da za ta kai ni wurin aiki. Cefanen gida na rage, hayaƙin kuwa yana nan yadda yake.