Gyangyaɗi lokacin huɗuba da takardar tambayoyin likita

Malam, ka ce gyangyaɗi na kama ka duk Juma'a ana huɗuba, amma takardar da likita ya ba ka ba ta ambaci masallaci ba.

Da alama ma'aunin Epworth ne, na auna yawan jin barci da rana, wanda Dokta Murray Johns ya fitar a Ostareliya a 1991. Yanayi 8 ne, kowanne maki 0 zuwa 3, gwargwadon yiwuwar ka yi gyangyaɗi a cikinsa. In jimlar ta haura 10 cikin 24, barcin rana ya yi yawa. Sai dai akwai tambayar zama bayan abincin rana ba tare da shan giya ba, da ta mota a cunkoso. Mutanenmu kan sa sifili don abin bai shafe su ba, kuma nan kuskuren yake. Ka kimanta yadda za ka kasance da a ce kana cikin yanayin, sannan ka gaya wa likita maganar huɗuba, tashin Asuba da ƙailula.

Sakamakon watan azumi ma kan ruɗi mutum, saboda sahur da tarawihi.

Tambayi uwargida ko kana minshari har numfashinka ya riƙa tsayawa. In haka ne, ko kana tuƙi, don Allah ka koma asibiti da wuri a yi maka gwajin barci.