Amsoshin tambayoyinku: kifin teku da gubar zaiba

Tambaya: Ina da cikin wata biyar, muna zaune a Agege, Legas. An turo min saƙo cewa kifin teku yana lalata ƙwaƙwalwar jariri. In daina ci ke nan?

Amsa: 'Yar uwa, kwantar da hankalinki, Allah ya sauke ki lafiya. Kada ki daina, jaririn yana buƙatar man kifi. Abin da ake tsoro zaiba ce, wani ƙarfe mai guba. Idan ta shiga ruwa, ƙananan halittu su ɗauka, ƙaramin kifi ya cinye su, babba ya cinye ƙarami, ta yi ta taruwa a tsokarsa. Kifin da ya daɗe a ruwa yana cin 'yan uwansa shi ya fi tara ta: shak, barakuda, manyan tuna. Su za ki guje wa. Titus, shawa, sadin, panla da karfasa nasu kaɗan ne. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka tana ba masu ciki shawarar cin irin waɗannan sau 2 zuwa 3 a mako, gram 230 zuwa 340 gaba ɗaya, kowane ci kamar faɗin tafin hannunki. Ki riƙa sauya iri. Kin ga mai arahar ne ma ya fi lafiya.

Tambaya: An ce a goga maganaɗisu a jikin kifi, in ya kama akwai ƙarfe.

Amsa: Haba Malam! Kifi ne ba ƙusa ba. Zaiba, dalma da kadmiyam (shi ma ƙarfe ne mai guba) duk maganaɗisu ba ya kama su, kuma ba su da wari ko ɗanɗanon da za ka ji. Sai ɗakin gwaje-gwaje.

Tambaya: Daga Sekondi nake, a Ghana. Kifinmu daga bakin kogin Pra ake kawo shi. In an jiƙa shi da lemon tsami aka soya sosai, gubar za ta fita?

Amsa: Ba za ta fita ba. Zaiba a jikin tsoka take manne. Wanki, suya, banda ko firji ba sa taɓa ta. Damuwarka tana kan hanya, domin masu galamse, wato masu haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, suna haɗa zaiba da ƙasa su ware zinare, ragowar ta bi Pra zuwa Shama, ta bi Ankobra zuwa wajen Axim. Abin da ke hannunka: ka zubar da hanta da kayan ciki, nan kadmiyam ya fi zama, ka rage kaguwa da dodon koɗi na bakin kogi, yara da masu ciki kuma a ba su ƙananan kifin tsakiyar teku. A Minamata ta Japan, inda aka gano cutar gubar zaiba a 1956, akwai iyayen da suke garau amma suka haifi 'ya'ya da nakasa.

Tambaya: Na ga ana tallan shayin wanke gubar ƙarfe daga jini. In saya wa iyalina?

Amsa: Alhaji, riƙe kuɗinka. Wannan talla tana ƙona min rai. A tsorata mutane da bidiyo, sannan a fito da kwali mai hoton ganye, ba lambar rajista, ba sunan abin da aka zuba ciki. Yawancinsu maganin kashin ciki ne kawai: ka kwana kana zarya a bayi, a ce maka guba ce ke fita. Wasu haɗe-haɗen ma da kansu ake samun dalma a ciki. Jiki da kansa yana fitar da kusan rabin zaibar cikin wata biyu idan aka daina cin abin da ke kawo ta, kyauta. Maganin gaskiya akwai shi, shi ne irin wanda Likitocin Na Gari Na Kowa suka bai wa yaran Zamfara bayan gubar dalma ta 2010, amma sai an auna jini, likita na bibiya, don yana iya taɓa hanta ya kuma kwashe sinadaran da jiki ke buƙata. Ba abin sayarwa a tashar mota ba ne.

Idan wani a gidan yana jin yatsu ko leɓe sun mutu, yana tangaɗi in yana tafiya, maganarsa na harɗewa, ko ganinsa ya tsuke ta gefe, wataƙila gubar zaiba ce, ka kai shi babban asibiti, ka faɗa wa likita irin kifin da kuke ci da sau nawa a mako, ka nemi a auna jininsa.