Mazurarin ungozoma ko na'ura mai batir: wanne ya fi jin zuciyar ɗan da ke ciki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Maiɗakina tana da ciki wata bakwai. A ƙaramin asibitin unguwarmu, wani abu kamar mazurari ungozoma ke ɗora mata a ciki ta kafa kunne. Da aka tura ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta ce ta ga ana ɗaura wa wasu mata bel biyu, na'ura na fitar da takarda. Su wa ke ƙera waɗannan, kuma mazurarin bai tsufa ba? Na ga ana tallar wata 'yar ƙaramar na'urar jin bugun zuciyar ɗan ciki a intanet, ina son in saya mu riƙa saurare a gida. Daga wani magidanci a Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya raba lafiya.

Mazurarin nan tsoho ne ƙwarai, amma bai mutu ba. Wani likitan haihuwa ɗan Faransa, Adolphe Pinard, shi ya fito da shi a 1895, kuma har yau da sunansa ake kiran sa. Ba ya cin batir, ba ya jiran wuta, zafin Afrilu na Sakkwato ba ya yi masa komai. Abin da yake buƙata shi ne kunne mai horo da ɗaki marar hayaniya. Ungozoma takan fara laluben inda bayan yaro yake, ta ɗora a wurin, ta ƙirga bugun tana kallon agogo. Zuciyar ɗan ciki mai lafiya tana bugawa sau 110 zuwa 160 a minti, kusan ninki biyu na ta babban mutum.

Waccan mai bel biyu ita ma'aikata ke kira CTG. Bel ɗaya yana riƙe da faifan da ke aika sautin da kunne ba ya ji zuwa cikin mahaifa, sautin ya bugi zuciyar yaro ya dawo, na'ura ta lissafa. Ɗayan kuma yana auna yadda ciki ke taurare idan naƙuda ta murɗa. Layi biyu ne ke fitowa a takardar, kuma likita tare yake karanta su: me zuciyar yaro ta yi a daidai lokacin da mahaifa ta matse shi? Idan bugun ya sauka tare da murɗawar ya dawo da wuri, galibi kan yaro ne ya matsu. Idan kuwa sai bayan murɗawar ta wuce yake sauka, kuma yana maimaitawa, to ana zargin mabiyiya ba ta kai masa isasshiyar iska.

Aikin mutane da yawa ne. A ƙarshen shekarun 1950 Edward Hon na Jami'ar Yale a Amurka ya nuna za a iya bin bugun zuciyar ɗan ciki ba yankewa, Roberto Caldeyro-Barcia kuma a Uruguay yana auna ƙarfin naƙuda. Wanda ya kai abin kasuwa shi ne likita Konrad Hammacher na Jamus, da ya haɗa hannu da kamfanin Hewlett-Packard suka fitar da na'urar farko ta sayarwa a 1968. Wannan sashe na kamfanin daga baya ya koma hannun Philips a 2001, shi ya sa za ka ga sunansu a jikin irin waɗannan na'urori, tare da na GE da Huntleigh da wasu kamfanonin Sin irin su Edan.

Gyare-gyaren da maƙera suka yi ta yi tun daga lokacin, wasunsu kuskure ne ya haife su. Ga misali ɗaya da ya shafi tambayarka kai tsaye. An gano cewa na'ura kan kama bugun jijiyar uwa ta ɗauka na yaro ne, wani lokaci ma ta ninka shi: uwa tana bugun 75, allo ya nuna 150, kowa ya saki jiki. Saboda haka sababbin na'urori suke auna bugun uwa a lokaci guda, su yi ƙara idan lambobin biyu suka zo ɗaya. An kuma yi marasa waya, domin mai naƙuda ta iya tashi ta zagaya maimakon a ɗaure ta a gado.

Sai dai ga abin da masu talla ba sa faɗa. Da aka tattara gwaje-gwajen da suka kwatanta ɗaura CTG tun farkon naƙuda har ƙarshe da saurare lokaci-lokaci, an ga CTG ta rage jijjigar jarirai bayan haihuwa da kusan rabi, amma ba ta rage mutuwar jarirai a fili ba, kuma ta ƙara yawan matan da ake yi wa tiyata. Takardar nan tana da saurin tayar da hankali a inda babu matsala. Shi ya sa a shawarwarinta na 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace mai lafiya da naƙudarta ta zo da kanta, a riƙa sauraron ɗanta da mazurarin Pinard ko 'yar na'urar hannu ta Dofla, wato mai batir da ake ɗorawa a ciki ta fitar da sautin bugun a ji, duk minti 15 zuwa 30, in an kai lokacin nishi kuma duk minti 5. CTG ta masu larura ce: hawan jini, ciwon suga, zubar jini, yaron da ba ya girma, ko wadda aka sa wa ruwan naƙuda. Ke nan ungozomar unguwarku ba ta tauye maiɗakinka ba.

Ni a ganina, ci gaban da ya fi amfanar irin garuruwanmu ba manyan na'urorin ba ne. CTG tana son wuta tsayayya, da takarda ta musamman da in ta ƙare sai an yi oda, da wanda ya iya karatunta. Kai ma ka san yadda ƙaramin asibiti a Tangaza ko Gwadabawa yake da dare. Wasu maƙera sun lura da haka. Kamfanin Laerdal na ƙasar Norway, tare da likitoci da ungozomomi a Tanzaniya, ya ƙera wata 'yar na'ura mai caji da ake kira Moyo, wato zuciya da Swahili, wadda ake ɗaura wa mace ta yi ƙara idan bugun ya fita daga ƙa'ida. An kuma yi Dofla da ake wana hannunta kamar tsohuwar rediyo ta samu wuta. Ungozoma ɗaya mai kula da mata huɗu a dare, irin wannan ne ke rage mata nauyi. Amma ko ta yi ƙarar, in babu mota, babu jini, babu ɗakin tiyata kusa, ƙarar ba ta fitar da yaro.

Batun saye kuwa, Malam, ka riƙe kuɗinka. Ba don na'urar tana cutar da yaro ba, don tana iya yaudarar ku. Cikin mai juna biyu cike yake da sauti: jijiyar uwa, shuuu ɗin jinin mabiyiya, motsin hanji. Wanda bai koya ba zai ji ɗaya daga ciki ya ce alhamdulillahi. Ko da zuciyar yaron ce kuka ji, jin bugu yana nuna yana raye ne a wannan minti, ba ya nuna yana cikin walwala. Yaron da ke shan wahala yakan fara da rage motsi, bugun zuciya shi ne kusan na ƙarshe da ke canzawa. An samu matan da suka ji motsi ya ragu, suka ɗauko na'urar gida suka ji bugu, suka kwanta, sai bayan kwana biyu aka je asibiti lokaci ya ƙure. Akwai kuma akasin haka: ku nema ku rasa saboda yaro ya juya, gida ya rikice da tsakar dare a banza.

A wata bakwai maiɗakinka ta riga ta san ɗabi'ar ɗanta, lokacin da yake harbawa da lokacin da yake lafawa. Ranar da ta ce maka yau bai motsa kamar kullum ba, kada a jira gari ya waye, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a tafi asibiti a daren. Haka in ta ga jini, ko faya ta fashe, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannuwa. In dole sai ka sayi na'ura, sayi ma'aunin hawan jini na dantse, ka kai wa ungozoma ta nuna muku yadda ake ɗaurawa. Idan ya kai 140 bisa 90, ku je a duba ta a ranar. Ragowar kuɗin a ajiye na mota da na haihuwa, ka kuma nemi 'yan'uwa biyu da za su iya ba da jini, a san rukunin jininsu tun yanzu.