Tambaya da Amsa: Kallon shirye-shirye a kwamfuta a Birtaniya, wa lasisin talabijin ya hau kansa?

Wasiƙun wannan mako daga masu karatunmu mazauna Birtaniya suka fito, kuma kusan duk abu ɗaya ke damunsu: takardar TV Licensing, wato masu karɓar kuɗin lasisin talabijin, da ake jefo wa mutum ta ƙofa alhali ko akwatin talabijin ba shi da shi.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na zo karatun digiri na biyu, ina zaune a ɗakin kwanan ɗalibai. Kwamfutar cinya kawai gare ni, amma wasiƙu sai zuwa suke yi wai in sayi lasisi. Dole ne? Daga wani ɗalibi a Leeds.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Doka ba ruwanta da irin na'urar da ke ɗakinka. Abin da take dubawa shi ne me kake kallo, kuma a wane lokaci. Dokar sadarwa ta 2003, sashe na 363, ita ce tushen maganar, kuma abu biyu ne ke wajabta lasisi. Na farko, ka kalli shiri ko ka naɗe shi a daidai lokacin da wata tasha ke watsa shi, kowace tasha ce, ta kowace hanya ya iso maka: eriya, tauraron ɗan'adam, ko intanet. Na biyu, ka kalli ko ka sauke shirin BBC a iPlayer, manhajar kallon shirye-shiryen BBC ta intanet, ko da shirin bara ne. Wannan na biyun ya fara aiki ne ranar 1 ga Satumba, 2016. Kafin nan tsofaffin shirye-shiryen iPlayer ba sa buƙatar lasisi, shi ya sa har yau za ka ji waɗanda suka daɗe a ƙasar suna ba da tsohuwar fatawa.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne kalmar "kai tsaye". Ba wasan ƙwallo ko labarai kaɗai ake nufi ba. Fim ɗin da aka yi shekara talatin da suka wuce, in tashar ITV na nuna shi yanzu kai kuma ka buɗe manhajarta ta ITVX kana bin sa tare da su, kallon kai tsaye kake yi. In ka jira sun gama ka danna shi daga jerin da suka ajiye, ba ka buƙatar lasisi. Haka tashoshin da ke maimaita shiri bayan awa ɗaya, su ma kai tsaye ne a idon doka.

To, in abin da kake kallo bai wuce finafinan Netflix, Disney+, bidiyoyin YouTube da shirye-shiryen da ITVX ko Channel 4 suka ajiye ba, babu lasisi a kanka. In kuwa kana taɓa ɗaya daga cikin biyun can, ɗakinka na buƙatar nasa. Lasisin da jami'a ta saya na falon da kowa ke zama ne, bai shiga ɗakinka ba.

Akwai rangwamen da abokan karatunka za su gaya maka: ɗalibi na iya fakewa da lasisin gidan iyayensa muddin na'urar na aiki da batirinta kaɗai, ba a jona ta a soket ko eriya ba lokacin kallon. Gaskiya ne, amma sai gidan iyayen yana Birtaniya, yana da lasisi, kuma can ɗalibin ke komawa hutu. Wanda iyayensa ke wata ƙasa wannan ƙofar a rufe take gare shi.

Tambaya: Ni ban damu da tashoshin Turawa ba. Tashoshin gida nake kallo ta intanet, sai kuma BBC Hausa da nake saurare. Ni ma zan biya? Daga wata uwa a Manchester.

Amsa: Hajiya, sauraron BBC Hausa kyauta ne, ta rediyo ko ta BBC Sounds ko a shafinsu, tun 1971 aka soke lasisin rediyo. Karanta labarai da kallon gajerun bidiyoyin da suke sakawa a shafin nasu ko a Facebook su ma ba komai.

Tashoshin gida kuwa, a nan ne mutanenmu da yawa ke shiga matsala ba su sani ba. Tashar talabijin ta Najeriya, Nijar, Saudiyya ko ta ko'ina, in kina kallonta a lokacin da take watsa shiri kuma kina cikin Birtaniya, lasisi ya wajaba, ko da a YouTube kika same ta. Ba a duba ƙasar da tashar take, wurin da mai kallo yake ake dubawa. Mun san abin na da ciwo, mutum ya biya kuɗin da BBC za ta amfana da shi alhali ba ita yake kallo ba, amma haka dokar take. Mafita mai sauƙi ita ce ki jira su ɗora shirin bayan an gama watsa shi, sannan ki kalla. Shi kuma mutum ɗaya da ya kunna wayarsa yana magana kai tsaye a YouTube ko Facebook, malami ne ko mai sharhi, ba tashar talabijin ba ne, kallonsa bai buƙatar lasisi.

Ki lura da yara ma. In gidan ba lasisi, a cire manhajar iPlayer daga kowace waya da kwamfuta, domin shirye-shiryen CBeebies, tashar yara ta BBC, a can suke, kuma yaro ba zai tsaya karanta tambayar da ke fitowa a allo ba kafin ya danna.

Tambaya: Ina biyan Amazon Prime da Sky duk wata. Ashe bai isa ba? Daga wani mai karatu a Landan.

Amsa: Bai isa ba, Malam. Kuɗin rajista na kamfanin ne, lasisi kuma haƙƙin doka ne daban. Wasan ƙwallon da kake kallo kai tsaye a Prime Video, Sky Go ko Now yana buƙatar lasisi a kan kuɗin da ka riga ka biya.

Tambaya: Mu huɗu ne a gidan haya ɗaya. Kowa zai sayi nasa ne? Kuma nawa ne kuɗin? Daga wani ma'aikacin jinya a Birmingham.

Amsa: Ku ɗauko takardar hayarku, amsar na ciki. In ku huɗun kun sa hannu a yarjejeniya ɗaya, lasisi ɗaya ya ishi gidan da duk na'urorin da ke cikinsa. In kowa na da yarjejeniyar ɗakinsa daban, duk wanda ke kallo a ɗakinsa sai ya mallaki nasa.

Daga 1 ga Afrilu, 2025 kuɗin ya zama fam 174.50 a shekara, daga fam 169.50 na shekarar da ta gabace ta. A watan Afrilu ake sauya shi, don haka ku duba shafin TV Licensing kafin ku raba kuɗin tsakaninku. Mai son a riƙa cira daga asusunsa duk wata ya san cewa lasisin farko cikin wata shida ake biyan sa, wato kimanin fam 29 a wata a wancan farashin, daga baya ya sauko zuwa kimanin fam 14.50. Biyan wata uku-uku na da ƙarin fam 1.25 kowane zango. Ana kuma iya biya da tsabar kuɗi a shagunan da ke da PayPoint, wurin biyan kuɗin takardu. Makaho mai takardar shaida rabin kuɗi yake biya, wanda ya kai shekara 75 kuma yana karɓar Pension Credit, tallafin gwamnati ga 'yan fansho masu ƙaramin ƙarfi, kyauta ake ba shi.

Lasisin na adireshi ne, amma yana bin ka waje in na'urar na kan batirinta. Kallo a jirgin ƙasa ba laifi. Da zarar ka jona caja a wani gini, asibitin da kake aiki ko gidan aboki, to lasisin wannan ginin ake tambaya. In za ka ƙaura ka sauya adireshin, in kuma za ka bar ƙasar da sauran aƙalla wata guda cikakke, ka nemi a mayar maka da kuɗin watannin da suka rage.

Tambaya: Ba na kallon komai kai tsaye, amma wasiƙun na tsorata ni, har da cewa jami'i zai zo. Me zan yi? Daga wata 'yar'uwa a Sheffield.

Amsa: Ki kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Wasiƙun ana aika su ne ga duk adireshin da babu lasisi a rajistarsu, ba don an gan ki kina wani abu ba. Ki shiga shafinsu ki cike sanarwar da suke kira No Licence Needed, wato ba kya buƙatar lasisi. Yawanci takan tsayar da wasiƙun na wani lokaci, kodayake suna iya turo jami'i ya tabbatar. Amma ki tabbata gaskiya kika faɗa. iPlayer na neman adireshin imel kafin ya buɗe, kuma BBC na iya haɗa bayanan da na TV Licensing.

In jami'i ya zo, ki nemi katin shaidarsa. Ba shi da ikon shiga gidanki sai da yardarki ko da takardar izinin bincike daga kotu. Idan ya fara yi miki tambayoyi yana rubutawa, ki sani takardar nan na iya zama hujja a kotu, don haka kada ki sa hannu sai kin karanta kowane layi, kuma kin ga abin da kika faɗa ne aka rubuta. Muna jaddada wannan ne domin kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda ake gurfanarwa kan wannan laifi mata ne, kuma cikin dalilan akwai cewa su aka fi tararwa a gida su buɗe ƙofa.

Tarar na iya kaiwa fam 1,000, ban da kuɗin shari'a. Ba a ɗaure mutum don rashin lasisi shi kansa, amma ƙin biyan tarar da kotu ta yanke na iya kai shi gidan yari. A Ingila da Wales takardar tuhuma kan zo ta gidan waya, da wa'adin kwana 21 na amsawa. Wanda ya jefar da ita, alƙali zai yanke hukunci ba tare da ya ji ta bakinsa ba.

Tambaya: Zan koma Jamus ko Ireland da aiki. Dokar ɗaya ce? Daga wani injiniya a Glasgow.

Amsa: Ko kusa, Injiniya. A Jamus tun 2013 kowane gida ke biya, da na'ura ko babu, kuma tun 2021 kuɗin Yuro 18.36 ne a wata. A Ireland mallakar akwatin talabijin ce ke wajabta lasisin Yuro 160 a shekara, kwamfutar da ba ta kama tashoshi ta eriya ko tauraron ɗan'adam ba ta ciki. Kafin ka tashi ka soke lasisinka na Birtaniya da kanka, domin cirar kuɗi daga banki ba ta tsayawa don ka bar gidan.