Tambaya da Amsa: Zaɓen Kan Kibiya da Wasa Shi

Tambaya: Malam, ina farauta da baka a bayan garin Jos, amma kibiyata ba ta shiga jikin dabba sosai. Wane irin kai zan zaɓa, kuma yaya ake wasa shi?

Amsa: Ɗan'uwa, ka sa maƙeri ya ƙera maka kai mai baki biyu da ƙarfen sifirin mota, wanda nauyinsa ya dace da kyauron, domin idan ya yi nauyi ainun, kibiya takan sunkuya kafin ta isa. Ka fara wasa shi da magagari, sannan ka kammala a kan dutse da ɗan ruwa, ba tare da wani baki ya fi ɗan'uwansa ci ba. Idan ya aske gashin hannunka, ya yi kaifi. Ka shafa masa man kaɗanya kafin ya shiga kwari, saboda damshin daminar Filato yana saurin kawo tsatsa.